Tarihin Ronald Ross, likitan da ya shigar da lissafi cikin yaƙi da sauro

A filinmu na tarihin mashahuran mutane yau mun ɗauko wani likita ɗan ƙasar Birtaniya mai suna Ronald Ross, wanda ya rasu tun shekara ta 1932. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba, amma da wuya a sami gidan da aikinsa bai shiga ba a waɗannan ƙasashe namu, domin shi ne ya fara tabbatar da cewa ƙwayar cutar masassara, wadda wasu ke kira maleriya wasu kuma palu, tana girma ne a cikin sauro, kuma ta hanyar cizo take shiga jini. Duk uwar da ta ɗaura wa ƴaƴanta sange da dare, da wannan ilimi take aiki, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Akwai kuma wani aiki na biyu da ya yi, wanda ba a cika ambatonsa ba, alhali shi kansa yana ɗaukarsa da muhimmanci ƙwarai. Shi ne amfani da lissafi don gane yadda cuta ke yaɗuwa cikin jama'a da kuma yadda za a karya ta. A yau jami'o'i da dama suna da sashe na musamman inda ake horar da ɗalibai kan haɗa lissafi da ilimin halittu, kuma idan aka bi salsalar wannan fanni, to a kan Ross ake tsayawa cikin mutanen farko.

Haihuwa da karatu

An haifi Ronald Ross ranar 13 ga watan Mayu na shekara ta 1857 a garin Almora, can gindin duwatsun Himalaya a arewacin Indiya, kwana uku bayan ɓarkewar babban boren da sojojin Indiya suka yi wa Turawan mulkin mallaka. Mahaifinsa, Campbell Ross, hafsan soja ne da ya kai muƙamin janar, shi kuma Ronald shi ne ɗan fari cikin ƴaƴa goma. Yana da shekara takwas aka aika da shi Ingila wurin danginsa domin ya yi makaranta, kamar yadda Turawan da ke aiki a Indiya suka saba yi da ƴaƴansu a wancan zamani.

Tun yana yaro hankalinsa ya fi karkata ga zane da kiɗa da rubuta waƙoƙi da kuma lissafi. Aikin likita ba ya cikin ransa ko kaɗan. Amma mahaifinsa ya nace, don haka a shekara ta 1874 ya shiga makarantar koyon aikin likita ta asibitin St Bartholomew da ke birnin Landan. Bai zama ɗalibi mai ƙwazo ba, saboda yawancin lokacinsa a rubuce-rubuce da tsara kiɗa yake ƙarewa. Ya ci jarrabawar masu aikin tiyata a 1879, amma ya faɗi ɗaya jarrabawar da ake bukata, abin da ya sa ya kama aikin likita a wani jirgin ruwa mai zirga-zirga tsakanin Ingila da Amurka, yana aiki yana bitar karatu. Sai a 1881 ya ci wannan jarrabawa, a shekarar kuma aka ɗauke shi cikin rukunin likitocin sojan Indiya.

Shekarun farko a Indiya

An yi ta sauya masa wurin aiki, daga Madras zuwa Bangalor, zuwa Bama da tsibiran Andaman. A waɗannan shekaru babu wanda zai dube shi ya ce zai yi suna a bincike. Yana duba sojoji da safe, sauran yini kuma ya ba da shi ga rubuta littattafan hikaya da koya wa kansa lissafi mai zurfi daga littattafai, ba tare da malami ba. Wannan lissafi da ya koya don sha'awa shi ne ya zo ya yi masa rana bayan shekara ashirin.

A Bangalor a 1883 sauro ya dame shi a masaukinsa. Da ya bincika sai ya ga tsutsotsin sauro cike da wani mazubin ruwa da ke kusa da tagarsa. Ya zubar da ruwan, sauron ya ragu. A lokacin bai danganta wannan da wata cuta ba, domin abin da likitoci suka yarda da shi shi ne gurɓatacciyar iskar fadama ce ke kawo masassara. Ita kanta kalmar maleriya daga harshen Italiya take, ma'anarta mummunar iska.

Ya tafi hutu Ingila a 1888, inda ya yi karatun kiwon lafiyar jama'a da na ƙwayoyin cuta. A 1889 ya auri Rosa Bloxam, wadda ta haifa masa ƴaƴa huɗu, maza biyu mata biyu. Da ya koma Indiya sai ya fara mai da hankali ga masassara, cutar da ke kwantar da sojoji da talakawa fiye da kowace.

Haɗuwa da Manson

Tun a 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Alphonse Laveran, yana aiki a birnin Kustantina na Aljeriya, ya ga ƙwayar cutar a cikin jinin majinyaci. Ross ya yi ta duba jini da madubin likita bai gan ta ba, har ya kai ga rubuta cewa yana shakkar abin da Laveran ya gani. A 1894 da ya sake zuwa hutu Landan, ya sadu da Patrick Manson, babban masanin cututtukan ƙasashe masu zafi, wanda tun yana aiki a ƙasar Sin ya nuna cewa tsutsar da ke kawo ciwon tundurmi tana girma a cikin sauro. Manson ya zaunar da shi ya nuna masa ƙwayar masassara a ƙarƙashin madubi, shakkarsa ta gushe. Sannan ya gaya masa zatonsa, cewa ita ma wannan ƙwaya da sauro take tafiya. Manson ba shi da halin gwada wannan zato a Landan, Ross kuwa zai koma inda sauro da majinyata suke.

Ya koma Indiya a 1895, aka ajiye shi a barikin Sikandarabad. Daga nan har shekara huɗu suna musayar wasiƙu da Manson, wasiƙu fiye da ɗari, ɗaya yana ba da rahoto ɗaya yana ba da shawara da ƙarfafa gwiwa. Aikin kuwa ba mai sauƙi ba ne. Zai kama sauro ya sa ya ciji mai masassara, sannan ya fede shi da allura a ƙarƙashin madubi yana duba kowane sashe na cikinsa. Shi ba masanin ƙwari ba ne, bai san cewa sauro iri-iri ne kuma iri ɗaya ne kawai ke ɗaukar masassarar ɗan Adam ba. Saboda haka shekara biyu ya yi yana fede sauron da ba shi ne mai laifi ba. Ga kuma shugabanninsa na soja da ba su ga amfanin abin da yake yi ba. Sun tura shi Bangalor yaƙi da kwalara na fiye da shekara guda. A 1897 shi kansa masassara ta kama shi, bai daɗe da warkewa ba kuma kwalara ta kwantar da shi.

Ranar 20 ga watan Agusta

A watan Agusta na 1897 ma'aikatansa suka kawo masa wani irin sauro da bai saba aiki da shi ba, mai ɗigo-ɗigo a fukafukai, wanda idan ya sauka a bango yake ɗaga bayansa sama. Shi ne wanda masana ke kira anofilis. Ya sa su suka ciji wani majinyaci da aka riƙa biya ɗan kuɗi kan kowane cizo, sannan ya riƙa fede su ɗaya bayan ɗaya. Ranar 20 ga wata, saura biyu kacal suka rage masa, ya fede ɗaya, sai ya ga wasu ƙananan ƙulli a jikin bangon tumbin sauron, ɗauke da baƙin ɗigo irin wanda ƙwayar masassara ke da shi a jinin mutum. Washegari ya fede na ƙarshen, ya tarar ƙullin sun ƙara girma. Ke nan ƙwayar tana raye, tana kuma girma a cikin sauro. Mujallar likitocin Birtaniya ta buga wannan sakamako a watan Disamba na shekarar. Wannan ne dalilin da ya sa ake kiran 20 ga Agusta ranar sauro ta duniya.

Maimakon a ba shi dama ya ƙarasa, sai aka yi masa canji zuwa Kherwara, wani ɗan ƙaramin bariki a yankin Rajputana inda bai sami masu masassarar da zai yi aiki da su ba. Ransa ya ɓaci har ya yi tunanin ajiye aiki. Manson ne ya yi ta kai gwauro yana kai mari a ofisoshin Landan har aka ba Ross aikin bincike na musamman a Kalkata a farkon 1898.

A Kalkata ma bai sami majinyatan da za su yarda a yi gwaji da su ba, don haka ya koma kan tsuntsaye, waɗanda ke da tasu irin masassarar, wadda sauro na gama-gari ke ɗauka. Da taimakon ma'aikatansa ƴan Indiya, musamman Mahomed Bux wanda ya riƙa kamo masa sauro da tsuntsaye, ya bi ƙwayar mataki-mataki. Ya ga ƙullin da ke tumbin sauro suna fashewa, dubban ƴan siraran ƙwayoyi suna fitowa, suna tafiya har su taru a jakar miyaun sauron. A watan Yuli na 1898 ya sa irin wannan sauro ya ciji lafiyayyun tsuntsaye, suka kamu. Da wannan aka gane cewa ta cizo cutar ke shiga, domin shi kansa Manson a da yana zaton ta shan ruwan da sauro ya mutu a ciki ake kamuwa. Manson ne ya sanar da labarin a taron likitoci a birnin Edinbara a ƙarshen watan.

Lambar Nobel da rigima

A ƙarshen shekarar 1898 wasu masana ƴan Italiya, Giovanni Battista Grassi da Amico Bignami da Giuseppe Bastianelli, suka nuna cewa masassarar ɗan Adam haka take tafiya, kuma sauron anofilis ne kaɗai ke ɗaukarta. Grassi masanin dabbobi da ƙwari ne na gaske, shi ya tantance irin sauron da sunansa. Nan fa rigima ta tashi kan wanda ya riga wani. Ross ya zarge su da hawa kan aikinsa ba tare da sun ba shi haƙƙinsa ba, ya kuma yi ta rubuce-rubuce masu zafi a kansu har ƙarshen rayuwarsa. A 1902 aka ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci shi kaɗai, ya zama ɗan Birtaniya na farko da ya same ta. Masana tarihi da yawa a yau suna ganin Grassi ma ya cancanci rabo a ciki.

Dole mu faɗa cewa Ross mutum ne mai saurin fushi da riƙo. Ya yi faɗa da abokan aiki da dama, ya daɗe yana ƙorafin cewa gwamnati ba ta saka masa da kuɗi ba, kuma daga baya har tsakaninsa da Manson, wanda ya ɗora shi a kan hanya, sai da zumunci ya yi sanyi.

A Afirka ta Yamma

A 1899 ya bar aikin soja ya zama malami a sabuwar makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool. A shekarar ya jagoranci tawaga zuwa Freetown ta ƙasar Saliyo, inda suka sami ƙwayar cutar a cikin irin anofilis biyu, waɗanda har yanzu suna cikin manyan masu yaɗa masassara a Afirka. Ya lura cewa wannan sauro ya fi son yin ƙwai a ƙananan kududdufai da ruwan sama ke bari a ƙasa. A 1901 ya koma Freetown ya kafa ƙungiyoyin leburori masu cike ramuka, da yashe magudanan ruwa, da kwashe gwangwanaye da fasassun kwalabe, da zuba mai a kan ruwan da ba ya gudu. A wannan tafiya ya ziyarci Legas, inda gwamna William MacGregor, wanda shi ma likita ne, yake cike fadamu yana raba wa jama'a kwinin. A 1902 kamfanin mashigin ruwa na Suwez ya gayyace shi garin Isma'iliyya a Masar, aka bi shawararsa, cikin ƴan shekaru masassara ta kusan ƙarewa a garin.

Sai dai akwai wani ɓangare na wannan tarihi da ya shafe mu kai tsaye. Gwamnatocin mulkin mallaka da yawa sun ga cewa tsabtace gari duka yana da tsada, sai suka zaɓi hanya mai arha: su ware Turawa a unguwa ta daban, nesa da ƴan ƙasa. A Freetown an gina musu unguwa a kan tudu. A Nijeriya dokar birane ta 1917 ta zamanin Lugga ta tanadi a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta sauran jama'a. MacGregor ya ƙi wannan tsari a Legas tun farko. Haka ilimin da ya kamata ya ceci kowa aka fara amfani da shi don kare ƴan kaɗan.

Inda lissafi ya shigo

Masu sukar Ross suna da hujja ɗaya mai ƙarfi. Suka ce ba wanda ya isa ya kashe sauro duka, kuma muddin ɗaya ya rage cutar za ta ci gaba, don haka kuɗin da ake kashewa asara ce. Suna kafa hujja da gwajin da aka fara a 1902 a barikin Mian Mir kusa da Lahor, inda aka yi yaƙi da tsutsar sauro amma masassara ba ta ragu yadda ake fata ba. Ross ya ce an yi aikin ne a ɗan ƙaramin fili da kuɗi kaɗan, amma ya san musu kawai ba zai wadatar ba. Sai ya koma ga lissafin da ya koya yana saurayi.

A wata lacca da ya yi a birnin St Louis na Amurka a 1904, ya lissafa yadda sauron da ke shigowa daga waje ke raguwa gwargwadon nisan da aka shiga cikin yankin da aka tsabtace, abin da ke nuna cewa faɗin wurin da aka yi aiki yana da tasiri. Bayan aikin da ya yi a tsibirin Murishiyos, rahotonsa na 1908 ya ƙunshi tsarin lissafi na farko na yaɗuwar masassara. Ya faɗaɗa shi a littafinsa na rigakafin masassara na 1910 da bugu na biyu na 1911.

Ga yadda tunanin yake, da misali namu na sauƙaƙawa. Mu ɗauka mutum ɗaya ya kamu a wani ƙauye, kuma cikin kwanakin da ƙwayar ke jininsa sauro 80 suka cije shi. A ce rabinsu, wato 40, suka ɗauki ƙwayar. Ita kuwa tana bukatar kwana goma zuwa goma sha huɗu a cikin sauro kafin ta isa jakar miyau, sauro da yawa kuma ba sa kai wannan kwanaki. A ce ɗaya cikin biyar ya rayu, saura 8. A ce rabin waɗannan suka yi nasarar sa wa wani mutum cutar, saura 4. Ke nan mai ciwo ɗaya ya haifar da huɗu, cuta za ta bunƙasa. To idan aka rage sauron ƙauyen har ya zama 20 ne suka cije shi, ɗaya zai haifar da ɗaya, cutar ta tsaya cik. Idan aka rage zuwa 10, masu ciwo biyu ne za su haifar da ɗaya. Ɗari su koma hamsin, hamsin su koma ashirin da biyar, har ta mutu da kanta, alhali akwai sauran sauro a garin.

Wannan shi ne abin da Ross ya tabbatar da lissafi: akwai wani haddi na yawan sauro a kan kowane mutum, wanda idan aka sauko ƙasa da shi cutar ba za ta iya riƙe kanta ba. Haka kuma lissafin ya bayyana dalilin da ya sa rabin aiki ba ya nuna sakamako, domin idan an rage sauro amma ba a kai haddin ba, cutar na nan. A 1916 ya buga wani nazari mai faɗi da ya shafi kowace irin cuta mai yaɗuwa, a 1917 kuma ya ƙara kashi biyu tare da wata masaniyar lissafi mai suna Hilda Hudson. Kafin shi an sami waɗanda suka gwada irin wannan, kamar Daniel Bernoulli da ya yi lissafi kan cutar agana a 1760, amma Ross ne ya mai da shi makamin tsara yaƙi da cuta. Likitocin zamaninsa kaɗan ne suka kula, saboda yawancinsu ba su iya karanta lissafin ba, abin da ya ƙara masa takaici.

Ƙarshen rayuwarsa

An ba shi sarautar Sir a 1911, ya bar Liverpool ya koma Landan a 1912. Yaƙin duniya na farko ya taɓa shi a gida, domin babban ɗansa namiji ya mutu a fagen daga a Faransa a watan Agusta na 1914. Shi kuma ya yi wa rundunar soja aikin ba da shawara kan cututtuka, ya je Iskandariyya a 1915, a 1917 kuma aka harbi jirgin ruwan da yake ciki a hanyar Girka, ya tsira. Ya buga tarihin rayuwarsa a 1923. A 1926 aka buɗe wata cibiya da asibiti mai ɗauke da sunansa a unguwar Putney ta Landan, aka naɗa shi shugabanta. Shekara ɗaya bayan haka ya sami shanyewar ɓarin jiki. A 1928 ya sa takardunsa na bincike a kasuwa, wata attajira ta saye su ta ba cibiyar. Matarsa ta rasu a 1931, shi kuma ya bi ta ranar 16 ga watan Satumba na 1932 yana da shekara 75, aka binne shi kusa da ita.

Magadansa, har zuwa Garki

Cikin waɗanda suka raka shi Saliyo a 1901 akwai wani matashin likita, Anderson McKendrick, wanda Ross ya kwaɗaitar da shi ga lissafi. A 1927 McKendrick da William Kermack suka fitar da tsarin da ke raba jama'a kashi uku: waɗanda za su iya kamuwa, da masu ɗauke da cuta, da waɗanda suka warke ko suka mutu. A kan wannan tsari aka gina yawancin lissafin da gwamnatoci suka dogara da shi lokacin annobar korona a 2020.

A fannin masassara kuwa, George Macdonald, wanda ya shugabanci cibiyar Ross, shi ya ɗauki aikin a shekarun 1950. Ya nuna cewa abin da ya fi tasiri shi ne tsawon ran sauro. Idan cikin sauro 100 guda 90 ke kwana da rai kowace rana, bayan kwana 12 kimanin 28 za su rage. Idan aka sauko da su zuwa 80 a rana, kimanin 7 ne za su rage. Ɗan ragin kwana ke nan ya karya yawancin masu iya yaɗa cutar. Wannan hujja ta ƙarfafa shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na kawar da masassara ta hanyar fesa maganin DDT a bangon ɗakuna, wanda aka fara a 1955 aka dakatar a 1969. An yi nasara a Turai da wasu sassan Asiya da Amurka, amma yawancin Afirka kudu da Sahara ba ta shiga shirin sosai ba.

Don a gane ko hakan zai yiwu a yanki irin namu, hukumar da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da babban bincike daga 1969 zuwa 1976 a ƙauyukan gundumar Garki, wadda a lokacin tana jihar Kano, yanzu kuma tana Jigawa. An fesa magani a ɗakuna, a wasu ƙauyuka an haɗa da raba ƙwayoyi ga kowa da kowa. Masu ɗauke da cutar sun ragu ƙwarai, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo. Cikin dalilan akwai yawan cizo a lokacin damina, da kuma cewa wani kashi na sauron a waje yake hutawa, ba ya taɓa bangon da aka fesa. Daga bayanan manoman Garki ne Klaus Dietz da Louis Molineaux da Anthony Thomas suka gina sabon tsarin lissafi a 1974, wanda ya sa garkuwar jiki da mutum ke samu bayan yawan kamuwa a cikin lissafin. Haddin da Ross ya faɗa gaskiya ne, sai dai a ƙasarmu nisan da ke tsakaninmu da shi ya fi na Isma'iliyya nesa ba kusa ba, kuma makami ɗaya ba zai kai mu ba.

Abin da ya rage mana

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta cewa a 2023 an sami kamuwa da masassara miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka mutu, kashi 95 cikin ɗari a Afirka, yawancinsu yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Ƙasashe huɗu, Nijeriya da Kwango ta Kinshasa da Nijar da Tanzaniya, su suka ɗauki fiye da rabin mace-macen. Wani nazari na lissafi da aka buga a 2015 ya nuna cewa matakan da aka ɗauka daga 2000 zuwa 2015 sun hana kamuwa miliyan 663 a Afirka, kuma kashi 68 cikin ɗari na wannan nasara daga gidan sauro mai magani ta fito. Maganin rigakafi da ake ba yara wata-wata lokacin damina a yankin Sahel, wanda hukumar ta amince da shi a 2012, da allurar rigakafin da Kamaru ta fara sa wa cikin jerin alluran yara a watan Janairu na 2024, duk da irin wannan lissafi ake tsara inda za a kai su da lokacin da za a fara.

Wannan aiki yana bukatar mutanen da suka san lissafi suka kuma san ƙasa, suka san lokacin da tafki ke cika da lokacin da mutane ke kwana a waje saboda zafi. An fara samun wuraren horar da su a nahiyarmu, kamar cibiyar ilimin lissafi ta Afirka da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, wadda daga baya ta buɗe rassa a Senegal da Gana da Kamaru da Ruwanda. Muna kira ga iyaye da malamai, idan suka ga yaro ko yarinya mai son lissafi, su sanar da su cewa wannan ilimi yana da aiki a asibiti da ma'aikatar lafiya, kuma ƙasashenmu sun fi kowa bukatar masu shi.